Amanar Da Ke Wuyan Mai Feshi

Duk wanda ya ratsa ƙauyukanmu a farkon damina, tun daga Kura da Kadawa a ƙasar Kano har zuwa karkarar Maraɗi, ba zai rasa ganin samari goye da famfon feshi suna bin kunya-kunya ba, domin noman da a dā sai an tara gayya an yi kwana da kwanaki ana duƙe da fartanya, yau mutum ɗaya ke gama shi kafin azahar. Wannan ni'ima ce babu shakka, amma mai sharaɗi ce, saboda maganin ciyawa da na ƙwari duka guba ne da aka sarrafa don kisa, kuma guba ba ta rarrabe tsakanin tsutsar da ke cin masara da bawan Allahn da ya shuka ta.

Sharaɗin yana farawa tun daga kasuwa. Wajibi ne manomi ya sayi magani a cikin kwalbarsa ta asali, rufaffiya, mai ɗauke da lambar hukumar NAFDAC da ranar ƙarewar aikinsa, ya guji wanda ake ɗurawa a robar lemo ana sayarwa tsito-tsito, domin irin wannan robar ce yaro kan tsinta a bayan ɗaki ya kafa kai. A gindin takardar kwalbar akwai zane mai launi wanda ko marar karatu zai iya fahimta: ja shi ne mafi haɗari, sai rawaya, sai shuɗi, sannan kore. Amma ma'aunin da za a zuba a famfo, idan mutum bai iya karanta shi ba, to ya tambayi malamin gona, kada ya ɗauki gwangwanin tumatir ya auna da ka, har ya yi ƙari wai don maganin ya yi ƙarfi. Ƙarin nan asarar dukiya ne, yana ƙona shuka, yana kuma barin guba a jikin amfanin.

Idan aka zo ga feshin kansa, ya kamata a sani cewa guba tana shiga jiki ta hanya uku, watau baki da hanci da fata, kuma ta fata ce mutane suka fi gafala da ita. Sau da yawa za ka ga saurayi da singileti da silifa, famfo na yoyo a gadon bayansa tun hantsi, ga zufa, ga zafin rana, idan bakin famfon ya toshe sai ya cire shi ya hura da bakinsa, sa'an nan ya goge hannu a wando ya ɓalli goro ya jefa. Alhali abin da ake bukata bai fi ƙarfin talaka ba: riga mai dogon hannu, dogon wando, takalmin roba, safar hannu ta roba, da abin rufe hanci da baki. A yi feshi da sassafe ko da yamma lokacin da iska ta kwanta, kada a fuskanci iskar, kada a ci ko a sha ko a kunna taba, kada kuma a ɗora aikin a kan yara ko mace mai juna biyu. In an gama, a yi wanka da sabulu, a wanke tufafin daban da na iyali, a ɗauraye kwalbar sau uku a juye ruwan cikin famfo, sa'an nan a huda ta don kada gobe uwargida ta zuba man gyaɗa a ciki. Wanke famfo a bakin rafi ko rijiya kuwa zalunci ne ga jama'a da dabbobi, kamar yadda zuba gubar gamalin a kogi don kamun kifi ya kasance zalunci.

Mafi nauyin amanar, a ganina, ita ce ta mai ci, wanda bai san gonar ba, bai ga feshin ba, ya dai miƙa kuɗinsa bisa kyakkyawan zato. Kowane magani yana da adadin kwanakin da aka rubuta a jira tsakanin feshi da girbi, kuma wanda ya fesa tumatir ko alayyafo yau ya kai kasuwa gobe ya yi algus, ko da mudunsa ya cika. Haka nan masu yayyafa wa wake maganin ƙwari irin su Sniper a rumbu. A shekarar 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan gubar dikulobos da aka samu a cikinsa, to waken da aka ƙi a can, wa ya cinye shi in ba mu ba? Ga kuwa hanya mai sauƙi: buhun PICS mai ninki uku, wanda masanan Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro, idan an ɗaure shi tamau, rashin iska ne ke kashe ƙwarin, babu ko ɗigon magani.

In ƙaddara ta auku, aka ga mai feshi yana dalalar da yawu, zufa na karyo masa, yana amai, numfashi na sarƙewa, to a janye shi daga wurin, a tuɓe masa tufafin, a wanke jikinsa da ruwa da sabulu, a garzaya da shi asibiti tare da kwalbar don likita ya san abin da zai ba shi. Kada a ɗura masa manja ko madara, kada a tilasta masa amai, domin hakan na iya tsananta cutar.

Malamai sun lissafa kiyaye rai cikin manyan manufofin shari'a, kuma fikihu ya haramta wa mutum cutar da kansa ko waninsa. Saboda haka, ya kai ɗan'uwa manomi, kafin ka buɗe kwalba bana, ka tuna za a tambaye ka game da lafiyarka, da ta iyalinka, da ta duk wanda zai ci abin da ka noma. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya kiyashe mu daga sharrin sakaci.