Yadda Ake Kunna Wuta Kafin Zuwan Ashana

Duk wanda ya taɓa fita zango da 'yan Boys' Brigade ko 'yan Sikawut a cikin damina ya san abin da kan faru idan kwalin ashana ya jiƙe. Ga shinkafa, ga itace, amma sai a kwana da yunwa. To, kakanninmu ba su san ashana ba, duk da haka kullum ana tuƙa tuwo. Yaya suka yi?

A ƙasar Hausa abin kunna wuta shi ne ƙyastu da ƙanƙara. Ƙyastu ɗan ƙarfe ne da maƙera ke ƙerawa, ƙanƙara kuwa dutse ne mai tsananin tauri. Idan aka ƙyasta su, kaifin dutsen yakan kankare 'yan mitsi-mitsin ƙarfe, su yi zafi har su kama da wuta a cikin iska. Su ne tartsatsin da muke gani. Akan riƙe audugar rimi ko ƙonannen tsumma a jikin dutsen domin tartsatsi ya faɗa a kai, ya zama ɗan garwashi. Daga nan sai a sa shi cikin busasshiyar ciyawa, a yi ta hurawa har harshen wuta ya tashi. Wahalar wannan aiki ce ta sa uwar gida kan aiki yaro da kasko ya ɗebo wuta a maƙwabta.

Mutanen Sin da Turawa sun sami dabarar rage wahalar hurawa. Sukan fere siraran itace, su tsoma bakinsu cikin narkakkiyar farar wuta. Wannan tsinke ba ya kamawa ko an ƙyasta shi. Amma da zarar an taɓa garwashin da shi, sai ya tashi da shuɗin harshe, itacen ya kama, domin farar wuta ba ta bukatar zafi mai yawa kamar itace. Tana ma narkewa a wajen digiri 115 na ma'aunin Selshiyas. Ashanar da ake ƙyastawa kuwa sai a 1826 wani mai haɗa magunguna a Ingila, John Walker, ya ƙirƙiro ta, ya fara sayarwa a 1827.

Ɗalibai, ga gargaɗi biyu. Na farko, hayaƙin farar wuta yana shaƙe mutum, musamman mai ciwon asma. Kada kowa ya narka ta a ɗakin kwana. A yi a fili, malamin kimiyya yana tsaye. Na biyu, da hunturu tartsatsi ɗaya ya isa ya cinye gonar da ba a kwashe ba da rumbun maƙwabci. Ba banza ba Manzo Yakubu, a sura ta 3 ta wasiƙarsa, ya kwatanta harshen mutum da ƙaramar wuta. Mu share ciyawa kewaye da murhu kafin mu kunna, mu kuma kashe wutar da ruwa ko ƙasa kafin mu tashi.

Idan kun je gida hutu, ku tambayi kakanninku ko akwai tsohon ƙyastu a ajiye. Ku roƙe su su koya muku, ku zo da shi zango na gaba.