Gwajin jini na sankara: takardar awo kaɗai ba ta yanke hukunci

Ƴan kasuwar da ke zirga-zirga tsakanin Maraɗi da Jibiya, ko Ƙonni da Illela, sukan ratsa ɗakin awo idan sun shiga birni, a ɗebi jininsu ko na uwargida a duba "alamar sankara". Wani ya dawo hankali tashe, wani kuma da murna. Dukkansu suna iya yin kuskure.

Abin da ake aunawa wasu sinadarai ne da kan yawaita cikin jini idan akwai ƙari. Ga sankarar gidan ƙwan mace ana duba CA-125, wanda aka gano a Amurka a 1981, kuma yawanci 35 ce iyakarsa. Ga ta tumbi, CEA da CA 19-9 da CA 72-4 ake dubawa.

To sai dai CA-125 yakan hau ba tare da sankara ba. Jinin al'ada, juna biyu, ƙarin mahaifa da ciwon hanta duk suna ɗaga shi, haka ma tibin da ya sauka a ciki, wanda ba baƙo ba ne a yankinmu. A ɗaya ɓangaren, kusan rabin matan da cutar ke matakin farko awonsu kan fito lafiya lau. A Birtaniya an bi mata sama da 200,000 shekara da shekaru, sakamakon da ya fito a 2021 ya nuna tantance masu lafiya ta wannan hanya bai rage mace-mace ba. Shi kuwa CEA, shan taba ma yana ɗaga shi.

Amfanin gwajin na gaskiya yana wurin wanda aka riga aka tabbatar yana da cutar. Likita na duba shi kafin aiki da bayan magani, ya ga ko adadin na sauka ko ciwon na neman dawowa.

Don haka wanda ke fama da "olsa" wadda ba ta jin magani, ga rama, ga saurin ƙoshi ko baƙin bayan gida, kada ya ɓarnatar da jarinsa a kan wannan awo. A zura masa bututu mai kyamara ta baki, a ɗan tsinko nama a auna, shi ke tabbatarwa. Matar da cikinta ke kumburi makonni, musamman wadda ta daina al'ada, hoton ciki take buƙata tare da gwajin, kuma likitan mata ne zai karanta su, ba mai kantin magani ba. Ana iya neman takardar turawa zuwa babban asibitin Maraɗi, cibiyar yaƙi da sankara ta Yamai, ko asibitocin koyarwa na Kano, Zariya da Sakkwato.