Idan Kunne Ɗaya Ya Daina Ji: Bayani ga Masu Juna Biyu da Iyalansu

A wannan fitowa za mu yi bayani ne a kan matsalar da mutane da yawa suke fama da ita a ɓoye, wato kunne ɗaya ya rage ji ko ya daina gaba ɗaya, alhali ɗayan yana aiki.

Kwanakin baya a wajen awon ciki, na lura da wata baiwar Allah da kullum sai ta karkato da kanta gefe guda idan ina yi mata bayani. Na tambaye ta ko lafiya. Ta ce, "Wallahi Sista, tun da na yi wani zazzaɓi mai zafi shekara biyu da suka wuce kunnena na hagu ya toshe. A gida har uwar mijina tana cewa raini ne ya sa ba na amsa kira." Da na duba katinta, sai na tarar maganin da aka ce ta sha sau uku a rana, sau ɗaya take sha, domin ba ta ji bayanin da kyau ba kuma ta ji kunyar sake tambaya.

Amfanin kunne biyu

Mutane kan ce ai tunda ɗayan yana ji, ba komai. Amma kowane kunne da aikinsa. Ƙwaƙwalwa tana gwada sautin da ya shigo ta dama da wanda ya shigo ta hagu, ta haka take gane inda ƙara ta fito. Mai kunne ɗaya yana jin hon ɗin babur amma bai san ta ina yake zuwa ba. Haka nan a wurin hayaniya, kamar gidan suna ko kasuwa, magana takan cakuɗe masa. Ga mai jego kuma, idan ta kwanta a kan kunnen da yake ji, tana iya kasa jin kukan jaririnta cikin dare.

Abubuwan da suke kawo matsalar

Wani lokaci dalilin mai sauƙi ne, kamar dauɗar kunne da ta taru, ko ciwon kunne mai zubar da mugunya da ya huda dodon kunne. Waɗannan ana maganinsu. Mai wuyar ita ce lalacewar can cikin kunne, inda akwai wani ɗan sashe mai siffar katantanwa. A cikinsa akwai dubban ƙananan gasu masu mayar da sauti ya zama saƙon da jijiyar ji take kai wa ƙwaƙwalwa. Idan suka mutu ba sa sake tsirowa.

A ƙasarmu, cututtukan da suka fi yin wannan ɓarna sun haɗa da sanƙarau, hangum, ƙyanda da zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na jihar Borno a 1969. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa kusan mutum 1 cikin 4 na waɗanda suka tashi daga zazzaɓin Lassa suna samun matsalar ji. Sauran dalilan su ne buguwa a kai, ƙara mai tsanani, da wasu allurai irin su jentamaisin da sitireftomaisin idan aka yi su ba bisa ƙa'ida ba. Wani lokaci kuma, ko da yake ba kasafai ba, ƙari ne yake fitowa a kan jijiyar ji. Shi ya sa likita yakan nemi a yi hoton kai idan bambancin jin kunnuwan biyu ya yi yawa.

Mece ce na'urar da ake dasawa?

Na'urar ƙara ji da aka saba gani ana maƙalawa a kunne, ƙara ƙarfin sauti kawai take yi. Idan gasun nan sun mutu, ko an ƙure ta ba za ta amfanar ba. A nan ne ake maganar na'urar da ake dasawa a katantanwar kunne.

Kashi biyu gare ta. Na waje ana rataya shi a bayan kunne, yana ɗaukar sauti, yana aiki da batir. Na ciki kuma likita ne yake sa shi a ƙarƙashin fata ta hanyar tiyata, ya zura wata siririyar waya cikin katantanwar. Maganaɗisu ne yake riƙe su biyun ta cikin fata. Wayar tana taɓa jijiyar ji kai tsaye da ɗan lantarki kaɗan, ta yi aikin gasun da suka mutu.

An fara dasa irin ta zamani a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya a 1977, sai Farfesa Graeme Clark ya yi nasa a Melbon ta Ostireliya a 1978. Shekaru da yawa, waɗanda kunnuwansu biyu suka mutu kaɗai ake yi wa. Daga baya aka ga cewa manya masu kunne ɗaya su ma suna amfana: sukan fi gane inda sauti ya fito, su fi jin magana cikin hayaniya, kuma ƙarar nan ta "shuuu" da ke damun mataccen kunne takan ragu ga da yawa daga cikinsu. A 2019 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince a riƙa dasa wa irin waɗannan mutane.

Abin da ya kamata a sani kafin a yanke shawara

Ba kowa ne ya dace da dashen ba. Sai an auna ji, an yi hoto, an tabbatar jijiyar ji tana da rai, kuma na'urar ƙara ji ta kasa. Ana yin aikin ne da allurar barci, sa'an nan a jira makonni 2 zuwa 4 kafin a kunna na'urar. Da farko sautin yakan zo baƙo, ba kamar na ɗaya kunnen ba, sai an yi watanni ana koyo da komawa asibiti ana daidaita ta. Akan yi wa mutum rigakafin wani nau'in sanƙarau kafin aikin. Kuɗinta ya kai miliyoyin naira, ga batir da gyara har tsawon rayuwa, kuma cibiyoyin da suke yin aikin a Nijeriya kaɗan ne. Akwai kuma wata na'ura mai sauƙin kuɗi da ba ta buƙatar tiyata, wadda take ɗauko sauti daga gefen mataccen kunne ta kai wa mai ji.

Lokaci yana da muhimmanci ƙwarai. Kunnen da ya daɗe a mace ba ya amfana da dashen kamar wanda bai jima ba. Bayan sanƙarau kuwa, ƙashi yana iya cike katantanwar cikin 'yan makonni ko watanni, har wayar ta kasa shiga. Don haka duk wanda ya warke daga sanƙarau, babba ko yaro, a kai shi awon ji ba tare da jinkiri ba.

Ga mai juna biyu

1. Ba a yin dashen lokacin da mace take da ciki, akan bari sai ta sauka. Amma awon ji ba ya cutar da ke ko abin da ke cikinki, kina iya yi yanzu.

2. Idan kin wayi gari kunne ɗaya ya daina ji farat ɗaya, ki zo asibiti a ranar. Akwai maganin da yake taimakawa, amma ya fi aiki cikin makonni 2 na farko. Kada ki ɗiga man zaitun, ruwan albasa ko wani abu, kada kuma ki sa tsinke.

3. Ki gaya wa ungozoma wane kunne ne yake ji, a rubuta a katinki, domin ranar naƙuda mu tsaya ta wannan gefen. Idan ba ki ji bayani ba, ki ce a maimaita. Ba abin kunya ba ne.

4. Idan kina da na'urar a jikinki, ba ta hana ɗaukar ciki, haihuwa ko shayarwa. Amma lallai ki sanar da likita kafin tiyatar ciro jariri ko hoton MRI, domin akwai kayan aikin da sai an yi hattara da su.

5. Bayan haihuwa, ki kwantar da jariri ta gefen kunnen da yake ji, kuma ki nemi a auna jinsa, musamman idan ya yi shawara mai tsanani ko an haife shi bakwaini.

Ga maigida da sauran 'yan'uwa

Idan kun lura tana juyo da kai, ko tana yawan cewa "na'am?", kada ku ɗauka raini ne ko miskilanci. Ku fuskance ta idan za ku yi magana, ku rage ƙarar rediyo, kuma ba sai an ɗaga murya ba. Maigida ya daure ya rako ta sashen kunne, hanci da maƙogwaro domin a auna ta.

Ita wannan baiwar Allah da na ba ku labarinta, mun tura ta awon ji, mun kuma kira uwar mijinta mun yi mata bayani. A zuwansu na gaba, tsohuwar da kanta ta ce mini, "'Yar nan, ki zagayo ta damanta, ta nan take ji."

Allah Ya sauke ku lafiya, Ya ba mu zuri'a mai albarka, amin.