Farauta a Ƙasar Yako: Ina Barewa, Ina Gadu?

Sa'ad da aka gama yankan dawa, aka kai amfani rumbu, hunturu kuwa ya busar da ciyawa, sai hankalin samarinmu ya koma daji. Daga Yako har Kiru, daga Bebeji har Tudun Wada da Doguwa, za ka ji ƙaho da kukan karnuka tun da asuba. Mu da ke koyarwa a makaranta mun san ranar farauta ba sai an gaya mana ba, gama bencin baya yakan zama wofi. Da yamma kuwa sai a komo, mutum arba'in da karnuka sittin, abin da aka samu zomo uku ne da gafiya, watakila da zabo guda. Tsofaffinmu sukan dubi wannan su yi dariya, amma dariyar ba ta jin daɗi ba ce.

Farauta ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. Tarihin Kano ya nuna cewa mutanen da suka zauna a dutsen Dala maharba ne, Barbushe kuma an san shi da kisan giwa. Kakanninmu sun bambanta maharbi da ɗan farauta. Ɗan farauta shi ne mai bin taro da kare da gora da barandami. Maharbi kuwa shi kaɗai yake shiga daji, ko shi da ɗansa, ya kwana uku ko huɗu yana bin sawu. Shi ne ya san wurin da gwanki ke shan ruwa, da inda mazo ke laɓewa a bakin rafi, da lokacin da barewa ke fitowa kiwo. Sarkin baka ko sarkin dawa shi ke yi musu shari'a idan gardama ta tashi a kan wanda ya fara harbi.

Suna da wata al'ada, buɗar dawa. Kafin ranar nan ba mai cinna wa daji wuta, ba mai fita farautar taro. An haɗa al'adar da tsafi da duba, mu kuwa da muka karɓi bishara mun rabu da wannan, ba ma kuma marmarinsa. Amma a ƙarƙashin tsafin akwai wata doka mai hankali, watau daji yana da lokacin rufewa. Watannin damina namun daji suna renon 'ya'yansu cikin ciyawa ba mai damunsu. Mun zubar da tsafin, mun haɗa da dokar mun zubar, ga shi yanzu ana harbi rani da damina.

KAYAN MAHARBI

Kwari da baka su ne na farko. Kibiya ba ta da ƙarfin kashe babban nama da kanta, dafin da aka shafa mata shi ke yin aikin. Ana dafa shi da 'ya'yan kwankwani, yana kuwa tsai da zuciya. Maharbi yakan yanke naman da ke kewaye da raunin ya yar, sauran ya ci. Abin mamaki, irin wannan tsiro ne likitocin Turai suka taɓa fitar da maganin ciwon zuciya daga cikinsa.

Sai burtu. Yaran yanzu da yawa ba su taɓa ganinsa ba. Burtu babban tsuntsu ne baƙi mai yawo a ƙasa, namun daji kuma ba sa tsoronsa. Maharbi yakan sassaƙa itace kamar wuyan tsuntsun, ya rufe da fata, ya sa masa baki, ya ɗaura a goshinsa. Sa'an nan ya lulluɓa da baƙin zane, ya yi rarrafe yana sunkuyar da kai kamar mai tsattsagar ƙwari, har ya kai kusa da garke. Aikin yana bukatar haƙuri ƙwarai, da sanin inda iska ke kaɗawa, domin idan iska ta ɗauki warin mutum ta kai wa barewa, shi ke nan, wahalar yini ta tashi a banza. Mutumin da ya sha irin wannan wuya kafin ya sami nama guda ba zai ƙare daji ba, ko ya shekara hamsin yana harbi.

Bindigar toka, wadda waɗansu ke kira adaka, ta sauya al'amari. Maƙeranmu ke ƙera ta, sau da yawa da bututun ƙarfe wanda ba don harbi aka yi shi ba. Ana ɗura mata albarushi ta baki, a daka, a zuba gutsattsarin ƙarfe. Idan aka cika albarushi, ko tsatsa ta ci bututun daga ciki, sai ta fashe a hannun mai ita. Ba garin da za ka je a ƙasar nan ka rasa mutumin da ya rasa yatsu ta haka. Mai irin wannan bindiga ya wanke cikinta da ruwan zafi bayan harbi, ya busar, ya shafa mai, gama ragowar albarushi tana jan laima. Kada kuma ya shigo da ita gida a ɗure ya jingina a lungun ɗaki inda yara ke wasa. Dokar bindigogi ta 1959 ta ce ko bindigar toka sai da lasin daga 'yan sanda.

Mafi muni duka ita ce fitilar goshi. Da dare hasken yakan daskarar da gada, idanunta suna ƙyalli, ta tsaya cik a harbe ta. Ba a gane mace ce ko namiji, ba a gane mai ciki. Idon ɗan maraƙin Fulani ma haka yake ƙyalli, mutum kuma da ya tsuguna a bayan kurmi motsinsa ɗaya ne da na nama. Muna roƙon iyaye su hana 'ya'yansu farautar dare ɗungum.

Akwai wani sabon hatsari kuma. A watan Maris na 2025 aka kashe matafiya 16 a garin Uromi na Jihar Edo, mafarauta ne 'yan Jihar Kano, yawancinsu daga ƙasar Bunkure maƙwabciyarmu. Suna komowa gida ne daga Fatakwal, aka ga bindigogin toka a motarsu, aka ɗauke su masu satar mutane. Abin da ya kai su kudu shi ne dajin gida ba nama. Duk saurayin da ke shirin irin wannan tafiya, ya tuna cewa a Nijeriya ta yau baƙo mai bindiga ba a tsayawa jin bayaninsa.

INA NAMAN YA TAFI?

Babban dajin da ya rage mana shi ne Falgore, wanda hanyar Kano zuwa Jos ta ratsa. Ya shafi ƙasar Tudun Wada da Doguwa da Sumaila, faɗinsa wajen murabba'in kilomita 1,000. Turawa suka keɓe shi a shekarun 1940 da sunan gandun Kogin Kano, a shekarun 1960 kuma aka mai da shi gandun namun daji. An san shi da gwanki da ɓauna da gwambaza da gadu da gwaggon biri. Yau direba yakan ratsa shi bai ga kome ba sai birai a bakin kwalta, su ma in ya yi sa'a. Ɓarayin shanu sun mai da shi maɓoya, har a 2017 sojoji suka kafa wurin atisaye a ciki. A 2020 gwamnatin tarayya ta amince da sa shi cikin sababbin gandayen ƙasa guda 10.

Kada a ɗora wa maharbi laifin duka. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, ruwa ya cinye fadamu masu yawa, noman rani ya bunƙasa, jama'a ta ƙaru, saura ta zama gona. Masu gawayi da masu itace suna sara ba dare ba rana. Dajin Dansoshiya da ke ƙasar Kiru, gwamnatin jiha ta ware shi domin zaunar da makiyaya. Kowa yana da hujjarsa, abinci kuwa dole ne. Amma lissafin haihuwa ba ya jin hujja. Gwanki takan ɗauki ciki wata tara ta haifi ɗa guda. Barewa da gada su ma ɗaya ɗaya suke haifa. Gadu ya fi su, yakan haifi biyu zuwa huɗu, shi ya sa ya fi su daɗewa. Idan aka harbe uwa da ciki, an kashe na bana da na baɗi. Dokar namun daji ta Jihar Arewa ta 1963 ta raba dabbobi kashi kashi, waɗansu an hana taɓa su sam, waɗansu sai da lasin, a 1985 kuma gwamnatin soja ta ƙara doka a kan cinikin dabbobin da ke gab da ƙarewa. Dokokin suna nan a takarda. Mu dai ba mu ga an koya wa yaro ko ɗaya abin da ke cikinsu ba.

Abin da ya ɓace yana iya komowa, idan an so. Mariri, farin naman nan mai dogayen ƙahoni da ke yawo a arewacin Nijar, a shekarar 2000 aka sanar cewa ya ƙare a daji ƙaƙaf. Daga waɗanda aka ajiye a gidajen namun daji aka sake sakin waɗansu a Cadi a 2016, suna kuwa haihuwa. A Amurka ma, wajen shekarar 1900 wata irin barewarsu mai farin wutsiya ta ragu har ba ta wuce 500,000 ba. Yau ana ƙiyasta ta kusan miliyan 30. Ba hana farauta suka yi har abada ba. Sun sa mata lokaci, sun sa iyaka. A 1937 suka ware harajin da ke kan bindigogi da harsashin farauta, kuɗin yana tafiya ga kiwon daji. A hamadar Arizona akwai wata dabba mai kama da ƙaramin gadu, suna ce da ita habalina. Mai son harbinta sai ya nemi takarda, a faɗa masa kwanakin da zai fita da yankin da zai shiga, takarda guda kuwa dabba guda ce. Buɗar dawa ke nan, sai dai tasu a rubuce take, da mai tsaronta.

IDAN AN SAMU

Wanda ya yi harbi bisa doka, kada ya ɓata abin da ya samu. A farke ciki nan da nan a fitar da hanji, a rataye naman a inuwa iska ta shiga, gama zafi a cikin ciki shi ke fara ruɓar da nama. Abin da ba za a ci a ranar ba a yi banda da shi a kan wuta marar harshe. Naman da aka tsinta a mace ba a san dalili ba, a bar shi.

Fata ita ce aka fi yi wa sakaci. A feɗe tun jiki da ɗumi, a kankare kitse da saura nama sarai, a shafe cikin da gishiri har gefe gefe, musamman wajen kunnuwa da ƙafafu inda gashi ke fara zuba. A shanya a inuwa. Rana takan ƙona fata ta taurare kamar faranti, ba ta kuma jimuwa. Idan ta bushe a kai wa majemi, ko a jeme a gida da 'ya'yan bagaruwa da aka daka aka jiƙa, ana juyawa ana murzawa kwana da kwanaki, a ƙarshe a shafa man gyaɗa kaɗan a yi ta murza har ta yi laushi. Mai son buzu da gashinsa kada ya sa ta a ruwan toka, domin toka ita ke tuge gashi. Busasshen ganyen darbejiya a cikin naɗin yana korar ƙwari.

Ƙahon gwanki ko na barewa kube ne a kan ƙashi, tsakaninsu kuwa akwai nama. Idan aka rataye kai haka nan, sai wari da tsutsa. A dafa kan a tukunya ruwa bai rufe ƙahonin ba, a murɗa kuben ya zare, a wanke ciki, a busar, a mayar. Wannan ya bambanta da barewar Amurka, wadda nata ƙahon ƙashi ne zalla mai rassa, yana faɗuwa kowace shekara wani ya tsiro. Namu idan ya karye ya karye ke nan. Haƙorin gadu yana da rami a gindinsa, hunturu kuma yana tsaga shi. A cika ramin da narkakken kakin zuma, a ajiye nesa da murhu.

Gadu yana da magana tasa dabam a gidajenmu. Maƙwabtanmu Musulmi ba sa cinsa, don haka idan ya faɗa hannun 'yan farauta sau da yawa ƙofarmu ake kawo shi. A kula da tukunya da wuƙar da aka yi aikinsa saboda baƙi, zaman tare ya fi loma. A dafa shi ya nuna har ƙashi, domin yana ɗauke da tsutsar da ke shiga jikin mutum. Mai rauni kuma ba a tsaya masa a bakin rami, gama da baya yake shiga, haƙoransa suna duban waje, da gudu kuma yake fitowa.

Gidan da ke kiwon aladu ya ƙara kula. Gadu yana iya ɗaukar cutar zazzaɓin aladu ba tare da ya yi ciwo ba, kaskar da ke zaune a raminsa ita ke yaɗa ta. Cutar ba ta kama mutum, amma tana share garke cikin 'yan kwanaki. Ta yi wa Nijeriya ɓarna mai yawa daga 1997, ta kuma sake yi a 2020 a wata babbar gonar aladu kusa da Ikko. Kada a feɗe gadu kusa da turken aladu, kada a zuba musu ruwan wankin naman ko hanjinsa. A haƙa rami a bayan gari a binne kayan cikin da zurfi, yadda karnuka ba za su tono su jawo gida ba.