Ko Ka Sani? Raunin Labule Yana Gefensa

Ko ka san cewa labule komai kaurinsa da tsadarsa ba zai ba ka cikakken duhu ba, muddin akwai tazarar yatsa guda tsakaninsa da bango? Mutum kan sayi yadin da haske ba ya ratsawa, ya rataya, dare ya yi ya kashe fitila, sai ga farin layi ya zagaye taga dama da hagu, daga fitilar titi ko ƙwan tsaron maƙwabci. Yadin ya yi aikinsa. Matsalar tana cikin ƙirar na'urar da ke ɗauke da shi.

Mun daɗe da sanin asabari, wanda ake naɗewa sama a bakin ƙofa idan ana son iska. Labulen naɗi na zamani haka yake aiki, sai dai shi a jikin bututu yake naɗewa. A shekarar 1864 wani Ba'amurke mai suna Stewart Hartshorn ya yi rajistar ƙirar da ta yaɗa shi a duniya. A cikin bututun akwai sifirin. Idan ka ja yadin ƙasa, sifirin ɗin yana murɗewa yana tara ƙarfi, sai wani ɗan harshen ƙarfe ya faɗa cikin gurbi ya riƙe shi a inda ka tsaya. Ka ɗan fizga ka saki, harshen ya fita, yadin ya koma sama da kansa. Yawancin na yau ana jan su ne da siririyar sarƙa mai ƙwallaye, amma tushen ɗaya ne: dole bututu ya juya, kuma dole a sami maƙalai biyu da za su riƙe shi a bakinsa na dama da na hagu.

A nan tazarar take samo asali. Maƙalan suna cin wuri, kuma idan yadi ya kai jikinsu zai riƙa gogawa har bakinsa ya zare. Don haka masu ƙira kan rage faɗin yadin da kimanin santimita 3 a kan faɗin na'urar baki ɗaya, ɓangaren sarƙa kuma ya fi samun rata. Akwai wata tazarar a sama: yayin da yadi ke warwarewa, naɗin yana ramewa, sarari yana buɗewa tsakaninsa da saman taga. Shi kuwa labule mai faifai-faifai, kowane faifai yana da hudar da igiya ke bi, kowace huda kuma ƙofa ce ga haske.

To, me ya sa ɗan wannan layi yake damun ido haka? Domin ido yana sauya kansa cikin duhu. Baƙin tsakiyar ido kan buɗe daga kimanin milimita 2 zuwa kusan 8, sannan ƙwayoyin ganin dare da ke can bayan ido su ɗauki minti 20 zuwa 30 suna ƙara kaifi, har ƙarfin ganinsu ya ninka sau dubbai. Hasken da ba ka lura da shi ba lokacin kwanciya, bayan rabin awa ya cika ɗaki. Ga mai barcin rana abin ya fi tsanani: hasken farin wata bai kai luks 1 ba a ma'aunin haske, amma ranar tsaka tana iya kai luks 100,000. Ɗan kaso kaɗan daga wannan ya ishi ɗaki.

Ba gani kaɗai abin ya shafa ba. A 2002 David Berson da abokan aikinsa a Jami'ar Brown ta Amurka suka nuna cewa akwai wasu ƙwayoyi a cikin ido da ke jin haske da kansu, musamman mai shuɗi-shuɗi, suna kai rahoto ga agogon da ke cikin ƙwaƙwalwa. Wannan agogo ne ke ba da umarnin fitar da melatonin, sinadarin da ke shirya jiki ga barci. Haske yana rage shi. Shi ya sa ma'aikaciyar jinya da ta kwana a asibiti, da maigadi, da mai gasa burodi, da direban da ya kwana a hanya suke buƙatar duhun gaske, ba don jin daɗi ba, don lafiyarsu.

Maganin yana cikin ɗabi'ar haske. Kimanin shekara dubu da suka wuce, Ibnul Haisam, haifaffen Basra wanda ya zauna a Alƙahira, ya gwada da fitilu da ɗaki mai duhu mai 'yar kafa, ya tabbatar a littafinsa Kitabul Manazir cewa haske miƙe yake tafiya. Ba ya shan kwana sai ya bugi wani abu ya dawo. Maginin Bahaushe ya san wannan: ba ya saita ƙofar zaure da ƙofar shiga gida, don kada idon mai wucewa ya zarce tsakar gida. Haka ake yi wa haske. Ba sai an toshe kafa ba. A sa masa kwana, a shafe kwanar da baƙi don ya shanye abin da ya bugo. Masu hoto sun daɗe suna amfani da wannan dabara. Gwangwanin fim mai faɗin milimita 35 da Kodak ya fitar a 1934 yana da tsaga a buɗe, amma an shimfiɗa mata baƙin yadi mai laushi kamar karammiski: fim yana fita, haske ba ya shiga.

A kan taga, hanya mafi inganci ita ce a kafa dogon alminiyam mai rami a tsakiya a kowane gefe, bakin yadi ya riƙa gudu a cikinsa, cikin ramin kuma ya zama baƙi. Sannan a rufe bututun da akwati a sama. Kafinta na iya yin makamancinsa da siraran katako biyu. Idan ba a riga an sayi labulen ba, a sayi wanda za a rataya a jikin bango, ba cikin ramin taga ba, ya zarce da santimita 5 zuwa 10 ta kowane ɓangare. A kuma sa yadin ya sauko ta bayan bututu, kusa da bango. Mai labulen yadi na gida ya nemi sanda mai lanƙwasa a baki, wadda ke mai da gefen yadi ya taɓa bango, ko tela ya ɗinka ƙananan maganaɗisu a bakinsa idan firam ɗin tagar na ƙarfe ne.

Akwai lokacin da wannan tazara ta zama batun rai da mutuwa. Daga 1 ga Satumba 1939, Birtaniya ta wajabta rufe duk wani haske da dare don kada jiragen yaƙin Jamus su gane garuruwa. Jami'ai na zagaya unguwanni, wanda aka ga haske na fita ta gefen tagarsa ana iya cin sa tara.

Mu a ƙasar zafi muna da namu abin lura. A tare haske, amma kada a kashe iska. A bar taga a buɗe a bayan labule, ko a bar wata mashigar iska, musamman a watannin bazara, kuma kada a kusanto da janareta ko gawayi mai ci kusa da ɗakin da aka rufe. Sarƙar labule ma a ɗaure ta a bango, sama da inda hannun yaro zai kai, domin tana iya shaƙe shi. Kafin ka je kasuwa, auna tagarka har da bangon da ke gefenta, ka kai wa tela ko mai shago wannan awon.