Haƙƙin Yaro Mai Naƙasa a Makarantar Unguwarsu: Duba ga Butalbagar

Butalbagar unguwa ce a gunduma ta bakwai ta birnin Njamena, can gefen gabas inda gari ke ta miƙewa, kuma kamar sauran unguwannin gefe, galibin hanyoyinta na ƙasa ne, waɗanda da zarar damina ta kankama sai su koma taɓo da kududdufai, har a kai watan Oktoba da ake komawa makaranta ruwan bai gama janyewa daga wasu lungunan ba. Yaro mai lafiya yakan naɗe wandonsa ya tsallaka. Amma gurgun da ke tura kekensa da hannu, da makahon da ke lalube da sanda, da kurman da ba ya jin ƙahon babur a bayansa, da wanda fahimtarsa ke da nawa, su kam sau da yawa iyakarsu ƙofar gida, alhali kuwa babu abin da ya raba su da sa'o'insu wajen buƙatar ilimi.

Ta fuskar doka dai hujja ta riga ta tsayu. A shekarar 2006 ƙasar Cadi ta kafa dokar tsarin ilimi wadda ta wajabta karatu a kan kowane yaro daga shekara 6 zuwa 16; a 2007 ta ƙara da dokar kare naƙasassu; a 2019 kuma ta tabbatar da amincewarta da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙoƙinsu, wadda sashenta na 24 ya hana a ware yaro daga makarantar kowa da kowa saboda naƙasa. Tushen wannan ra'ayi shi ne taron Salamanka na ƙasar Sifen a 1994, inda wakilan gwamnatoci 92 suka yi ittifaƙi cewa makaranta ce ya kamata ta gyara kanta domin ta karɓi yaro yadda Allah ya halicce shi. Ba kuwa 'yan tsiraru ake magana a kansu ba, domin UNICEF ta ƙiyasta a 2021 cewa yara masu naƙasa a duniya sun kusa miliyan 240.

Kafin wannan zamani, hanyar da aka sani ita ce makarantu na musamman, kuma butulci ne a musa alherinsu. A Nijeriya, makarantar makafi ta Gindiri, wadda aka buɗe a 1953, da ta Tudun Maliki a Kano, sun yaye ɗalibai masu yawa; haka nan Andrew Foster, wani kurma baƙar fatan Amurka, ya fara da Ghana a 1957, ya bi ƙasashen Afirka yana kafa makarantun kurame har da Cadi. Sai dai irin waɗannan makarantu kaɗan ne, kuma talakan Butalbagar, wanda da ƙyar yake haɗa kuɗin cefane, ba ya iya biyan ɗan babur safe da rana domin a kai ɗansa wani sashen gari. Saboda haka in makarantar unguwa ta rufe wa yaron ƙofa, to, a haƙiƙa an rufe masa ƙofar ilimi baki ɗaya.

Mu kuwa Musulmi bai kamata mu ɗauki wannan al'amari baƙon abu ba, tun da yake Suratu Abasa ta sauka ne a kan sha'anin makaho, Abdullahi ɗan Ummu Maktum, wanda ya zo neman sani a lokacin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ke shagalce da manyan Ƙuraishawa. Daga baya wannan sahabi ya zama ladani, har akan bar masa riƙon Madina idan an fita yaƙi. Aɗa'u ɗan Abu Rabaha, muftin Makka a zamanin tabi'ai, gurgu ne, ya kuma makance a ƙarshen rayuwarsa, amma fatawarsa ake jira a lokacin aikin hajji. A tsangayunmu ma makaho kan zauna cikin almajirai ya haddace Alƙur'ani da ka, malam bai taɓa cewa sai an gina masa zaure dabam ba.

To, mene ne ake bukata a aji? Mafi yawansa tadabburi ne, ba dukiya ba. Mai raunin gani da mai raunin ji a zaunar da su bencin gaba, malam ya riƙa faɗin abin da yake rubutawa a allo domin na farko, ya kuma fuskanci aji idan yana magana domin na biyu ya karanci leɓunansa. A mai da ajin da gurgu yake ciki kusa da ƙofar shiga, a zuba gangaren siminti a maimakon matakala, a faɗaɗa ƙofar makewayi, domin rashin makewayin da za su iya shiga yana cikin abubuwan da ke korar yara, musamman 'yan mata. Makaho yana bukatar allon rubutun Birel, wanda ɗigo shida ne kawai ake jujjuyawa su ba da dukkan haruffa da alƙaluma, da malamin da ya iya shi. Kurma kuma maganar hannu ce harshensa, kuma idan abokan ajinsa suka koyi kaɗan daga cikinta, kaɗaicinsa ya ragu ƙwarai.

Mai musu zai ce, ajin da yara suka doshi ɗari, wanda sau da yawa malamin da iyaye suka ɗauka suke biya ne ke riƙe da shi, kuma ana karantarwa da Faransanci ko Larabcin littafi wanda ba shi yaro ke ji a gida ba, ina ya ga sararin kula da makaho? Maganarsa tana da ƙamshin gaskiya, domin shigar da yaro aji a bar shi a kusurwa ba ya fahimtar kome zalunci ne da aka yi wa ado. Maganin abin shi ne a sa wannan fanni cikin darussan makarantun horon malamai, a kuma mai da makarantu na musamman cibiyoyin da ƙwararrunsu za su riƙa zagaya makarantun unguwanni suna taimakon malamai, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Saura nauyin da ke kan iyaye. A kai yara rigakafi, domin ƙyanda da sanƙarau suna cikin manyan sababban makanta da kurumta, shan inna kuma na gurgunta. Wanda kuwa ƙaddara ta riga ta faɗa wa, kada kunya ta sa a ɓoye shi a ɗaka, kada kuma a miƙa masa ƙoƙon bara. Ya ku iyaye da limamai da masu unguwanni na Butalbagar da makamantanta, ku ƙidaya yaran da ke zaune a gida saboda naƙasa, ku kai sunayensu ga shugaban makaranta da ƙungiyar iyayen yara tun kafin a buɗe shekarar karatu, domin amana ce da za a tambaye ku a kanta. Allah ya ba mu ikon saukewa.