Bambancin Ƙwayoyin Batirin Litiyam da Tasirinsa a kan Aiki

Tun da kamfanin Sony na ƙasar Japan ya fito da batirin litiyam kasuwa a shekarar 1991, masana suke fama da wata matsala wadda ido ba ya gani, watau ba a samun ƙwayoyi biyu da suka zo daidai da juna sak, ko da rana ɗaya aka ƙera su. Kaurin sinadarin da aka shafa wa fallayen ciki yakan ɗan saɓa, haka kuma yawan ruwan da aka ɗura. Daga nan sai wata ƙwaya ta fi wata riƙon caji, wata kuma ta fi 'yan'uwanta turjiya ga wucewar lantarki.

A wayar hannu mai ƙwaya ɗaya wannan ba abin damuwa ba ne. Amma motar Tesla Roadster ta shekarar 2008 ƙwayoyi 6,831 aka harhaɗa mata. Idan aka jera ƙwayoyi ɗaya bayan ɗaya, lantarki guda ne yake ratsa su duka, saboda haka mai rauni ita za ta riga cika, ita za ta riga ƙarewa. Tilas na'urar da ke tsaron batirin ta tsayar da caji da zarar ƙwayar nan ta kai wajen bolt 4.2, domin wuce haka yana iya jawo gobara. Ta kuma yanke wuta kafin ta zube ƙasa da wajen bolt 2.5. Alal misali, in tara suna riƙe kashi 100, ta goma tana riƙe 90, to, 90 ɗin nan kaɗai mai batir zai mora. Tafiyar ayari ke nan, gurgun raƙumi shi ke yanka zango.

Inda aka haɗa su kafaɗa da kafaɗa kuwa, mai ƙarancin turjiya ce take ɗaukar kaya fiye da kima, ta yi zafi, ta tsufa da wuri. Bugu da ƙari, na tsakiyar akwati sun fi na gefe shan zafi, don haka ɗan bambancin farko yakan yi ta faɗi a hankali.

Masana'antu sukan auna ƙwayoyi su ware su aji-aji kafin haɗawa. Na'urar tsaro ma takan rage cajin waɗanda suka yi gaba har na baya su cim musu, sai dai ba ta iya mayar wa tsohuwar ƙwaya ƙarfin da ta rasa. Wannan ne ya sa batirin sola da aka harhaɗa daga tsofaffin ƙwayoyin kwamfuta, ba tare da awo ba, yake saurin gajiya, balle a zafin bazara irin na Sakkwato ko Maraɗi.